Ina masu rubuta mana sharhin fasaha da Hausa a garin Jos?

Baban Hauwa (Gangare):
Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata na wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon a dube ta cikin natsuwa, domin na san a cikinmu akwai malamai da 'yan fim da 'yan jarida da iyayen yara. Garin nan namu na Jos ya tara abin da ba kowane gari ne ya tara ba a Nijeriya ta fuskar fasaha da al'adu. A nan Gidan Adana Kayan Tarihi yake, wanda Bernard Fagg ya tsaya aka buɗe shi a 1952, kuma a harabarsa akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya na sassan ƙasar nan. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, tare da makarantarta ta koyar da aikin fim da ma'ajiyarta ta tsofaffin fina-finai. Ga Kwalejin Talabijin ta NTA, ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos, ga kuma raye-rayen ƙabilun Filato da ake gayyata har wasu jihohi.

Duk da haka, wanda ya buɗe shafukan Hausa na intanet yana neman labarin fasaha, abin da zai fi cin karo da shi shi ne wace jaruma ce ta yi aure, wace ce aurenta ya mutu, wane ne ya sayi sabuwar mota, wane ne ya yi wa wane gugar zana. Da wuya ka ga an rubuta cewa an yi nunin zane-zane a wuri kaza, ga abin da mai zanen yake son faɗi, ga inda ya dace, ga inda hannunsa ya gaza. Da wuya ka ga an zauna an warware jigon fim, an dubi zubinsa da tsarinsa, an auna Hausar da aka sa a bakin 'yan wasa, kamar yadda muke koya wa ɗalibai su yi wa rubutaccen wasan kwaikwayo a aji. Rawa kuwa ba a ma sa ta a lissafi, sai dai a ɗora bidiyon minti ɗaya ba tare da an faɗi ta wace ƙabila ce ba, balle a faɗi lokacin da ake yin ta da dalilin yin ta.

Ra'ayina shi ne, rashin irin wannan sharhi a cikin harshen da jama'a suke ji shi ne babban abin da ya raba mutanenmu da waɗannan wurare. Mutum ba ya zuwa inda ba a taɓa kwatanta masa ba, kuma idan ya je bai san abin da zai duba ba, ba zai sake komawa ba. Ina son in ji ko kun yarda da ni, ko kuwa akwai dalilin da ya fi wannan ƙarfi.

Maman Sadik (Unguwar Rogo):
Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka kawo wannan magana. Na yarda da wani ɓangare nata, amma ina ganin ka tsallake abin da ya fi damun mu iyaye mata. Tun rikicin 2001 da waɗanda suka biyo bayansa a 2008 da 2010 garin nan ya rabu unguwa-unguwa, kuma ko da yake an sami sauƙi sosai, alhamdu lillahi, har yanzu uwa ba ta sakin jiki ta bar ɗanta ya ƙetara wata unguwa bayan magariba. Wasan dandamali kuwa galibi da yamma ake fara shi, a tashi dare ya yi, abin hawa ya yi wuya. Ga kuɗin mota, ga kuɗin shiga, ga yara biyar ko shida a gida ɗaya, a wannan lokaci da mudun masara ya zama abin lissafi. Duk yadda sharhi ya kai ga daɗin karatu, ba shi ne zai biya wa magidanci waɗannan kuɗaɗe ba.

Kada kuma mu manta cewa ko a zamanin da silima take tashe a garin nan, iyayenmu maza ne suke ba da labarin Kwararafa da Rex, mata ba sa zuwa, domin ana ganin zuwa silima zubar da mutunci ne ga matar aure ko budurwa. Fim bai shigo rayuwar matan Hausawa sosai ba sai da kaset ɗin bidiyo ya kawo shi har tsakar gida, yanzu kuma waya ta kai shi har cikin ɗaki. Saboda haka ba mamaki ba ne fim ya rinjayi sauran fannonin, tunda shi ne ya zo inda muke, sauran kuma suna jira mu je inda suke.

Ɗan Dilimi:
Ina gaishe da Baba Malam da Hajiya. Ni ɗaukar hoto nake yi a harkar fim, kuma zan yi magana ne a kan ɓangaren da na sani. Tun daga 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano, sana'ar nan a hannun ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa da 'yan kasuwar kaset ta tashi, ba a hannun makaranta ba. Kasuwar kaset ta mutu, ta faifai ta bi bayanta, yau kusan kowa ya koma fim mai dogon zango a YouTube, inda dole a saki sabon kashi kowane mako ko masu kallo su watse. Wannan gaggawa ita ce take cin ingancin aiki. Na sha ganin marubuci yana ƙarasa fitowa a lokeshan, 'yan wasa suna zaune suna jiran a miƙo musu takarda. Na sha roƙon a dakata rana ta ɗan karkata don haske ya yi laushi, amma furodusa yana duban agogo saboda kuɗin hayar gida da abincin ma'aikata, sai a ɗauka a haka, rabin fuskar jarumi a duhu, rabi ya yi fari fat. Haka sauti: makirufo ɗaya ne, janareta yana ruri a bayan katanga, idan aka zo tacewa sai a rufe ƙarar da kiɗa. Mai kallo yana jin cewa wani abu bai yi daidai ba, amma bai san mene ne ba, don haka bai san abin da zai nema a wajenmu ba. Da akwai mai sharhin da zai nuna masa, da furodusoshi sun fara jin kunyar sakin irin wannan aiki, mu ma da mun sami bakin magana a gabansu.

Sai dai, Baba, akwai wata matsala a cikin gidanmu. A masana'antar nan, wanda duk ya ce fim ɗin wane yana da rauni, ana ɗaukar sa mahassadi ne ko ɗan koren wani ɓangare, kuma kafin gari ya waye magoya baya sun yi masa ca da zagi. Wannan ne ya sa masu iya rubutu da yawa suka zaɓi yabo ko shiru.

Zan ba da misali ɗaya da yake goyon bayan maganarka. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar da Hausa, daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai a nan Jos, aka gyara shi da taimakon ƙwararru daga Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a 2018. Baƙi sun zauna sun kalle shi sun yi rubutu a kansa, amma mu da aka ajiye shi a garinmu, da yawa daga abokan aikina ba su taɓa jin labarinsa ba. Wannan ba matsalar kuɗin mota ba ce, matsalar rashin mai ba da labari ce.

Malamin Islamiyya (Rikkos):
Assalamu alaikum. Malam Baban Hauwa, ina girmama ka, kuma na san da kyakkyawar niyya ka kawo wannan batu, amma ya kamata a faɗi abin da mutane da yawa suke riƙe da shi a zuci. Ba duk wanda ya ƙi zuwa waɗannan wurare ne ya ƙi don rashin sani ba. Akwai wanda ya sani sarai, ya janye jikinsa da iyalinsa da gangan, saboda yana da damuwa a kan mutum-mutumi, yana da damuwa a kan cakuɗuwar maza da mata a filin rawa, yana kuma ganin yadda waƙa da rawa irin ta fina-finan Indiya suka mamaye fim ɗin Hausa shekara da shekaru. Hukumar tace fina-finai da aka kafa a Kano a 2001 ba haka kawai ta zo ba, koke-koken iyaye da malamai ne suka haifar da ita. Idan za a rubuta sharhi da Hausa domin jama'armu, to wajibi ne ya kasance yana da ma'aunin tarbiyya, ba kyan hoto da daɗin sauti kaɗai ba. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauko ma'aunin wasu mutane da suke ganin duk abin da aka kira fasaha ya wuce a tuhume shi, a zo a shimfiɗa mana shi da harshenmu, yara su karanta su ɗauka cewa wanda ya yi tambaya a kan halal da haram baƙauye ne. Ba ni gāba da tarihi ko sana'ar hannu, amma ina so a san inda iyaka take tun kafin a fara.

Baban Hauwa (Gangare):
Allah ya gafarta Malam, maganarka tana kan hanya, kuma ban kawo wannan batu don a ture tarbiyya gefe ba. Mai sharhin da ya san jama'arsa dole ya faɗi ko abu ya dace da yara ko bai dace ba. Abin da nake cewa shi ne kada tarbiyya ta zama ita kaɗai ce tambayar, domin fim yana iya tsira daga duk abin ƙi, amma ya kasance labarinsa ba kai ba gindi, Hausarsa kuma gurɓatacciya, kuma wannan ma cutarwa ce ga yaranmu.

Game da mutum-mutumi, bari in faɗi abin da nake nuna wa ɗalibaina idan muka tsaya gaban kawunan yumɓun nan na Nok a gidan tarihi. Ina ce musu su dubi idanun, waɗanda aka yi su kamar kusurwa uku, da ƙwayar ido a huje, da kafofin hanci da baki su ma a huje. Ina ce musu su dubi gyaran gashin, tukkaye da kitso da aka fitar ɗaya bayan ɗaya, da duwatsun wuya. Sannan in gaya musu cewa cikin kan nan rami ne, an gina shi ne kamar yadda ake gina tukunya, kuma hujojin nan suna taimaka wa zafi da tururi su fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, kuma bincike ya nuna sun haura shekara 2000, mutanen da suka yi su kuma sun san narka ƙarfe. Ba wanda ya je can don ya rusuna musu. Yaron da ya ga wannan yana fita ne da sanin cewa ƙasar da yake takawa ta daɗe da masu basira, kuma waɗannan mutane sun shuɗe kamar yadda mu ma za mu shuɗe, wanda wannan kansa wa'azi ne.

Kuma, Malam, a gidan tarihin nan akwai tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci da malaman ƙasar nan suka bari. Wa ya fi ku cancanta ya je ya dube su ya rubuta mana abin da suka ƙunsa, da irin hannun da aka rubuta su da shi, da tawadar da aka yi amfani da ita?

Ɗiyar Bukuru:
Ina gaishe ku, iyayena da yayyena. Ni 'yar Berom ce, Kirista, kuma wasan kwaikwayo na karanta, saboda haka ina roƙon a ba ni dama in ƙara wani abu da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar Baba. A Filato, Hausa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Da ita kakata take ciniki a kasuwa, da ita ake wa'azi da waƙa a majami'u da yawa, da ita Bangas da Batarok da Ba'afizere suke gaisawa idan sun haɗu a tasha. Idan aka rubuta sharhi da Turanci, 'yan boko na kowane ɓangare ne kawai za su karanta. Idan aka rubuta da Hausa, mai shago a Dilimi zai karanta, mai sayar da dankali a Bukuru ma za ta karanta ko a karanta mata. Ban san wani harshe da yake ƙetare unguwannin da Mama ta ambata ba tare da an tare shi a hanya ba in ba wannan ba.

A ɓangarenmu na dandamali, ƙungiyar Jos Repertory Theatre tana nan tun 1997, kuma ta daɗe tana shirya bikin wasannin kwaikwayo a garin nan, ɗaliban jami'a ma suna nuna wasanninsu a kowace shekara. Amma gaskiya ita ce yawancin wasannin da Turanci ake yin su, sanarwar ma da Turanci, saboda haka fuskokin da muke gani a kujeru kusan su ne dai na bara. Abin yana ba ni takaici, domin na san Hausawa ba baƙin wasan kwaikwayo ba ne. Tashen da yara suke yi daga goma ga watan azumi wasan kwaikwayo ne cikakke, da shiga da waƙa da kwaikwayon halin mutane da gyaran tarbiyya a cikin raha. Wasan gauta da matan fada suke yi suna kwaikwayon sarki da hakimansa, da wasan kalankuwa na bayan kaka, da 'yan kama, duk dandamali ne ba tare da labule ba. Jama'ar da ta gāji wannan ba za a ce ba ta son wasa ba, sai dai a ce ba a gayyace ta da bakin da take ji ba.

Game da rawa, Baba Malam na Rikkos, ina roƙon a bambanta. Abin da ake yi a wasu wuraren biki da daddare daban, rawar gargajiya ta ƙabila daban. Wanda ya ga 'yan Asharuwa na Afizere zai ga jerin maza suna busa sarewa suna taka ƙasa a tare, mutum yana busa yana rawa a lokaci ɗaya ba tare da numfashinsa ya yanke ko ƙafarsa ta saɓa da ta na kusa da shi ba, kuma ba a kai ga wannan sai da horo mai tsawo. Nzem Berom namu yana da alaƙa da shigowar damina da roƙon albarkar noma, Pusdung na Ngas a Pankshin shi ma taron al'umma ne da dattawa suke jagoranta. Idan aka ɗora bidiyonsu ba bayani, mai kallo daga wata unguwa ba ya ganin komai sai tsalle da baƙuwar shiga, wani lokaci ma ya bi da kalmar raini a ƙasa, mu kuma mu karanta mu ji ciwo. Haka nan 'yan'uwana da yawa ba su san ma'anar jahi a hawan salla ba, ba su san dalilin da ya sa mahaya suke sukuwa su ja linzami a gaban sarki su ɗaga hannu ba. Jahilcin nan ta kowane ɓangare yake, kuma rubutu mai adalci zai rage shi.

Magini (Nasarawa):
Salamu alaikum. Ni ba ma'abocin dogon rubutu ba ne, amma tunda an ambaci gine-ginen gargajiya, sana'ar gidanmu ce. A filin nan na gidan tarihi akwai kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Wanda bai san gini ba zai shiga ya ce ya ga ɗakin ƙasa mai faɗi, ya fita. Wanda ya sani zai ɗaga kai ya dubi bakan gizo, ya ga yadda aka jera azara ana turo ta kaɗan-kaɗan daga kowane ɓangare, ana ɗaure ta ana lulluɓe ta da ƙasa, har ɓangarorin suka haɗu a sama suka ɗauki nauyin rufi ba ƙarfe ba siminti. Zai lura cewa azara daga giginya ake tsaga ta saboda gara ba ta cika cin ta ba, tubalin kuma mulmulalle ne mai tsini a sama, ana jera shi gindi a ƙasa. Zai dubi zanko a saman katanga da indararo da yake fitar da ruwa nesa da bango.

Abin da nake so mai sharhi ya sani shi ne ginin ƙasa ba a gama shi, kullum cikin kulawa yake. Duk shekara yana son yaɓe, yana son makuba, yana son a duba indararo kafin ruwa ya sauka, balle a gari mai ruwan sama irin Jos. Masu wannan aiki kuwa suna ƙarewa, domin 'ya'yanmu sun koma bulo, kuma ban ga laifinsu ba tunda can ne abinci yake. Idan za a yi rubutu, a zo a tambaye mu tun muna raye, a rubuta sunayen kayan aiki da matakan aikin yadda muke faɗin su.

Kawu (Abuja):
Na bi wannan muhawara tun daga farko, kuma a matsayina na wanda ya yi aikin jarida shekaru masu yawa kafin in ajiye, ina so in faɗi dalilin da ya sa abin da Malam yake nema bai samu ba. Sharhi aiki ne mai cin lokaci. Kafin ka rubuta shafi ɗaya a kan wasa, sai ka je, ka zauna awa biyu, ka yi magana da mai ba da umarni, wataƙila ka karanta rubutun wasan. A wannan lokacin abokin aikinka ya kwafo labarin rabuwar auren wata jaruma daga Instagram sau biyar, kuma nasa ne zai tara masu karatu, masu talla kuma yawan masu karatu suke dubawa. Edita ba mugu ba ne, albashi yake nema ya biya. Matsala ta biyu ita ce na goro. Idan mai fim ne ya biya maka kuɗin mota ya kuma saka maka ambulan a aljihu, alƙalaminka ya riga ya karye tun kafin ka zauna. Duk wanda zai shiga wannan aiki a cikinku, ya sayi tikitinsa da kuɗinsa, ko da sau ɗaya zai iya zuwa a wata.

Kada kuma ku ɗauka mu a Abuja mun fi ku. Ana nune-nunen zane a otal-otal da ofisoshin jakadanci da cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Garki, Hukumar Fina-finai ma a nan take shirya bikinta na Zuma, amma dubban masu jin Hausa da suke Nyanya da Mararaba da Dei-Dei ba sa jin ɗuriyar abin sai an gama. Ku ɗauki Ladi Kwali. Hotonta yana bayan takardar naira 20, tana zaune tana gina tukunya, kowa ya taɓa riƙe ta a hannu. Amma mutum nawa ne suka san 'yar Gbagyi ce daga Kwali, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954 a garin da yanzu ake kira Suleja, ta riƙe salon gidansu na zana ƙadangare da kunama da kifi da kada a jikin tulu, ta haɗa shi da gashi mai tsananin zafi da sheƙi irin na zamani, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977? Ta rasu a 1984, kuma har yau ban ga an yi mata rubutu da Hausa wanda ya kai darajarta ba. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, aka yi murna kwana biyu, aka wuce, ba a zauna an bayyana wa matasa bambancin hawan Daushe da hawan Nasarawa ba.

Shawarata ita ce kada ku jira wata jarida. Zauren nan yana da malamin Hausa, da mai kyamara, da 'yar dandamali, da magini, da malamin addini, kuma ban taɓa zama a ɗakin labarai da ya haɗa irin waɗannan a teburi ɗaya ba.

Ɗan Dilimi:
Kawu, na karɓi shawarar, amma da sharaɗi ɗaya a ɓangarena. Ba zan rubuta a kan fim ɗin da na yi aiki a cikinsa ba, ko na wanda nake sa ran zai kira ni aiki, domin ba zan iya yin adalci ba, kuma ina da iyali. Abin da zan iya shi ne in riƙa bayyana yadda ake haska fitowa da yadda ake ɗaukar sauti da yadda ake tacewa, don masu kallo su san abin da za su duba, sannan wani wanda ba ya cin abinci a masana'antar ya yanke hukunci a kan fina-finan. Tunda kuma ɗan Kannywood ne, Ali Nuhu, yake shugabancin Hukumar Fina-finai tun 2024, ina ganin lokaci ne mai kyau da za mu rubuta takarda a matsayin ƙungiya mu roƙi a riƙa nuna tsofaffin fina-finan ma'ajiyar ga jama'ar gari.

Maman Sadik (Unguwar Rogo):
Idan za a rubuta wannan takarda, a sa a ciki cewa da rana muke so, tsakanin azahar da la'asar ko safiyar Asabar, kuma a tanadi wurin zaman mata da yara. 'Yata ta Bukuru, ki isar da wannan ga abokan aikinki na dandamali su ma. Maganarki a kan rainin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon rawarku ta taɓa ni, kuma zan yi wa nawa yaran magana a kai. Har yanzu ina nan a kan cewa tsada da fargaba sun fi rashin sharhi hana mutane fita, amma na yarda cewa da na san akwai abin da Malam da Magini suka kwatanta, da na daɗe da kai yara ko da sau ɗaya ne a hutun makaranta.

Malamin Islamiyya (Rikkos):
Malam Baban Hauwa, na karɓi aikin rubuce-rubucen Larabcin, in sha Allahu. Zan nemi izinin ganin su, in tafi da ɗaya daga cikin manyan ɗalibaina da ya iya karanta hannun magabata, mu rubuto abin da muka gani. 'Yata ta Bukuru, na ji bayaninki kuma na gode da ladabin da kika yi shi da shi. Ban sauya ra'ayina a kan rawar da take haɗa maza da mata ba, kuma ba zan halarce ta ba, amma ba zan hana a bayyana al'adar maƙwabta yadda take ba, kuma zagin ta ba ya cikin abin da muke koyarwa. Abin da nake nema shi ne duk sharhin da za a ɗora a zauren nan a fara shi da bayani a sarari: wurin da ake abin, da lokacin farawa da tashi, da kuɗin shiga, da harshen da ake yin sa da shi, da kuma ko akwai abin da uba zai so ya sani kafin ya tafi da 'ya'yansa. Malam, kai ne babba a wannan fanni, sai ka tsara mana yadda za a riƙa karɓar rubutun da wanda zai duba Hausarsa kafin a sake shi.